Kowa ya ci ladan kuturu: aikin mai gidan haya a dokar Fotugal

Cikin malamai da iyayen yara, kaɗan ne ba su da wannan buri: a samu fili, a tada ɗaki biyu ko uku, a zuba ƴan haya, in ritaya ta zo kuɗin haya su riƙe cefane da karatun yara. Buri ne mai kyau. Sai dai yawancinmu bulo da siminti da kwano muke lissafi, ba mu lissafin aikin da ke biyo bayan miƙa makulli. Akwai ƙasar da dokarta ta jera wannan aiki dalla-dalla, ita ce Fotugal, a ƙarshen yammacin Turai. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya zaɓi kula da gidan hayarsa da kansa, ba dillali ba kamfani, to sana'a ya ɗauka, kuma takarda ce jarin sana'ar. A Fotugal mai gidan da ya raina takarda shi ne yake fara yin kuka ranar da rigima ta tashi.

Mutanen Fotugal sun sha wuya a kan haya kafin su kai ga dokar da suke da ita yau. A 1948 gwamnati ta hana ƙarin kuɗin haya a Lizbon da Porto, bayan juyin mulkin 1974 kuma hanin ya game ƙasar. Ƴan haya sun samu sauƙi, amma da tsadar rayuwa ta yi ta hawa sai kuɗin haya suka zama ba su isa ko gyaran rufi. Masu gidaje suka janye hannu, tsofaffin unguwanni suka lalace, wasu suka gwammace su kulle gida da su ba da shi haya. Daga nan aka shiga gyara: an yi sabuwar doka a 1990, aka yi wata a 2006 wadda ake kira NRAU a taƙaice, ita ce ginshiƙin tsarin har yanzu. A 2012, bayan ƙasar ta karɓi bashin ceto daga Tarayyar Turai da Asusun Lamuni na Duniya, aka sauƙaƙa wa masu gidaje hanyar fitar da ɗan haya. A 2019 kuma aka ƙara wa ƴan haya kariya. Dokar ta yi ta lilo tsakanin ɓangarorin biyu, kowane lilo kuma ya bar wa mai gida wani sabon aiki.

Aikin yana farawa tun kafin ɗan haya ya shigo. Dole gidan ya kasance da takardar shaidar yawan makamashin da yake ci, kuma doka ta hana a ƙi mutum saboda asalinsa, ko harshensa, ko ƙasarsa, ko shekarunsa, ko naƙasa. Yarjejeniyar haya dole ta zama a rubuce. Idan mai gida ya ƙi rubutawa don ya ɓoye wa hukuma, bai tsira ba: tun 2019, ɗan hayar da ya nuna ya zauna a gidan kuma ya biya haya wata 6 ba tare da mai gida ya musa ba, yana iya tabbatar da yarjejeniyar a gaban shari'a. Hayar gidan zama na dindindin ba ta gaza shekara 1, ba ta wuce shekara 30. Abin da za a karɓa da farko ma yana da iyaka: tun farkon 2023, kuɗin haya na gaba ba su wuce na wata 2, kuɗin ajiya don ɓarna su ma ba su wuce na wata 2.

Bayan sa hannu, mai gida zai sanar da hukumar haraji kafin ƙarshen watan da ke bin watan da hayar ta fara, ya biya harajin hatimi, kashi 10 cikin ɗari na hayar wata guda. A ce haya yuro 800 ce, wato kusan jika 525 na sefa, to yuro 80 zai biya. Daga nan kowane wata sai ya fitar da takardar shaidar biya ta shafin hukumar haraji a intanet. Wanda ya kai shekara 65 an yarda ya ba da ta hannu, amma sai ya kai wa hukuma lissafin shekara. Ɗan haya ba ya wasa da wannan takarda, domin da ita yake rage wani kaso na hayar daga nasa harajin. Wannan dabara ce mai kyau: an sa ɗan haya ya zama shi ne mai matsa wa mai gida ya bi doka, ba sai jami'i ya zo ƙofar gida ba.

Ƙarin kuɗin haya shi ma ba da baki ake yin sa ba. In yarjejeniya ba ta tsara wata hanya ba, sau ɗaya ake ƙari a shekara, kuma sai hayar ta cika shekara. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ce ke lissafa adadin bisa tsadar rayuwa, a buga shi a jaridar gwamnati kafin ƙarshen Oktoba. A 2024 adadin ya kai kashi 6.94, a 2025 ya sauko zuwa 2.16. A 2023 lissafi ya ba da 5.43, gwamnati ta tsayar da shi a kashi 2, ta rage wa masu gidaje haraji don ta rama musu. Mai gidan yuro 800 a 2025 abin da zai iya ƙarawa bai kai yuro 18 ba, kuma sai ya rubuta wa ɗan haya kwana 30 kafin ƙarin ya fara. Gyaran gida kuwa, in ba a rubuta akasin haka ba, a wuyan mai gida yake. In rufi na zuba ya yi biris, ɗan haya na da ikon yin gyaran gaggawa ya nemi a maida masa kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To, in ɗan haya ya daina biya fa? Nan ne ake gane wanda ya riƙe takardunsa. Doka ta ba ɗan haya kwana 8 ya biya ba tare da tara ba. In ya wuce, mai gida na iya neman ƙarin kashi 20 na abin da ake bin sa. Kafin 2019 kashi 50 ne. In bashi ya kai wata 3, ko kuma ɗan haya ya makara fiye da kwana 8 sama da sau 4 cikin wata 12, mai gida na da hujjar warware yarjejeniya. Akwai ofishi na musamman da aka kafa bayan gyaran 2012 domin a fitar da ɗan haya ba tare da doguwar shari'a ba. Amma ga sharaɗin: ba a buɗe wa mai gida wannan ƙofa sai in ya biya harajin hatimi ko ya bayyana wa hukuma kuɗin hayar da yake karɓa. Wanda ya guje wa yuro 80 a farko, shi ne zai rasa gajeriyar hanya lokacin da ake bin sa watanni. Haka nan sanarwar da doka ta sani ita ce wasiƙar da aka aika ta gidan waya aka dawo da shaidar karɓa. Faɗa a tsakar gida ba ya shiga lissafi.

Abin da mai gida ba zai taɓa yi ba shi ne ɗaukar doka a hannunsa. Canza makulli, yanke ruwa ko wuta, tada hayaniya don mutum ya gaji ya tashi, duk dokar 2019 ta sa su cikin tsangwama. In ɗan haya ya rubuto yana neman a daina, mai gida ya ƙi, ana iya ci masa tarar yuro 20 kowace rana, kusan jika 13, tarar kuma tana ƙaruwa da rabi in ɗan hayar ya kai shekara 65 ko yana da naƙasa mai tsanani. Ko da mai gida yana son gidansa ne kawai a ƙarshen wa'adi, sai ya ba da sanarwa da wuri: kwana 120 in yarjejeniyar ta shekara 1 zuwa ƙasa da 6 ce, kwana 240 in ta kai shekara 6. Uban da ke da yara a makaranta ya san darajar waɗannan kwanaki, domin tashi a tsakiyar shekarar karatu ba ƙaramar asara ba ce ga yaro.

Wani zai ce wannan ɗawainiya ta yi yawa, gara a miƙa wa dillali. Yana da gaskiyarsa, musamman in yana zaune nesa da gidan. Amma dillali kasonsa yake ɗauka, alhakin kuwa yana nan a kan mai gida: sunansa ne a wurin hukumar haraji, shi za a kira a kotu. Zuwa da kai ya fi aike, in dai mai zuwan ya san hanya. Kuma dokar ta tanadi lada ga mai haƙuri. A 2023 an rage harajin kuɗin hayar gidan zama daga kashi 28 zuwa 25, yana kuma ƙara sauka ga mai doguwar yarjejeniya, har ya kai kashi 5 in ta kai shekara 20. Kuɗin gyara da harajin gida duk ana cire su kafin a yanka haraji, amma sai da shaidar biya a hannu.

Wani kuma zai ce, duk da waɗannan ƙa'idoji ai haya ba ta yi sauƙi a Fotugal ba. Wannan ma gaskiya ne. A Lizbon hayar ƙaramin gida takan wuce mafi ƙarancin albashi, wanda a 2025 yuro 870 ne. Malaman da ake turawa Lizbon da yankin Algarve sun yi ta ƙin karɓar aiki saboda albashi ba ya ɗaukar haya, azuzuwa suka zauna ba malami, har a 2024 gwamnati ta fara ba waɗanda aka tura nesa da gida tallafin yuro 150 zuwa 450 a wata. Har yanzu kuma akwai masu ba ɗalibai ɗaki ba takarda ba shaida. Doka ba ta gina gida, ƙarancin gidaje gini ne maganinsa. Abin da doka ke iya yi shi ne ta sa kowa ya san matsayinsa kafin rigima, ta hana mai ƙarfi taka mara ƙarfi, ko mai gida ne ko ɗan haya.

A nan ne batun ya taɓa mu. Malamin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Tawa zuwa Yamai ɗan haya ne yau, in Allah ya hore masa gini kuma mai gida ne gobe. Ba mu da shafin haraji irin na Fotugal a hannun kowa, kuma ba na cewa a kwafo dokarsu a liƙa mana. Amma abubuwa huɗu ba su jiran gwamnati. A rubuta yarjejeniya da shaidu biyu, ko da ɗan hayar ɗan'uwa ne. A ba da takardar shaidar biya kowane wata, a ajiye kwafinta. A zagaya gidan tare ranar shiga, a rubuta halin ƙofa da famfo da rufi, don kada kuɗin ajiya su zama abin faɗa ranar fita. A kuma rubuta tun farko yaushe za a iya ƙari da kwana nawa za a ba da sanarwa. Mu da muke cika kundin maki, muna sa hannu a littafin darasi kowace safiya, bai kamata a ce takarda ce ta gagare mu a kan gidan da muka tara shekara 20 muna ginawa ba.