Jan Biro Kaɗai Ba Ya Koya wa Yaro Zane

Jama'ar Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu, musamman mutanen Obi da Daddare da Agwatashi waɗanda suka baro 'ya'yansu a gida suna karatu, ya kamata su lura da wani abu da ake rainawa, watau darasin zane. Uba yakan aika da kuɗin makaranta, ya tambayi lissafi da Turanci, amma ba safai yake cewa a kawo masa littafin zane ya duba ba. Da zai duba, sau da yawa abin da zai tarar shi ne alamar jan biro da maki biyar ko shida bisa goma, babu ko kalma ɗaya da ta nuna wa yaron inda ya kauce. Wannan kuwa ba koyarwa ba ce, sallama ce kawai.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san bambancin. Malam ba ya karɓar allo ya ce ya yi kyau ya mayar. Yakan ɗora yatsa a kan baƙin da ya karkace, ya ce a wanke a sake, har hannu ya faɗa. Haka mai zanen babbar riga yake yi wa yaronsa kafin ya bar shi ya fitar da aska takwas a kan yadin mutane.

Tushen zane abu uku ne, kowanne kuma da irin kuskurensa sananne. Na farko miƙaƙƙen layi ba tare da rula ba. Yaro yakan kafe wuyan hannu yana jan fensir kaɗan-kaɗan, layin ya fito da gashi-gashi. Gyaransa shi ne a ce ya ɗiga ɗigo biyu, ya gwada hannu a iska, sa'an nan ya ja daga kafaɗa sau ɗaya. Na biyu da'irar da aka hango ta gefe, kamar bakin tukunya ko na bokiti. Yara sukan yi mata tsini a gefe biyu kamar ido, alhali kuwa bakin tukunya ba shi da kusurwa ko ta ina aka dube shi. Na uku zanen nesa da kusa. Wanda ya tsaya a kan hanyar Lafiya zuwa Obi zai ga gefunan titi suna matsowa har su haɗu daidai tsayin idonsa, turakun wuta kuma suna ƙanƙancewa. In yaro ya zana ɗaki bangonsa na baya ya fi na gaba tsawo, malam ya tsawaita masa layukan da rula, ya gani da idonsa cewa ba su haɗu a wuri ɗaya ba.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Alberti ya rubuta ƙa'idojinsa a Italiya a 1435. Aina Onabolu, bayan ya komo daga karatu a Ingila da Faransa a 1922, ya yi ta koyar da shi a makarantun Ikko, har aka yi masa laƙabi da darasin. A Zariya ma, ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin su Yusuf Grillo da Uche Okeke, sai da suka sha gyara a aji kafin sunansu ya fita. Da aka soma tsarin 6-3-3-4 a 1982 an sa zanen fasaha cikin karatun ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga waje, da yawansu suka ruɓe cikin akwatuna. Alhali fensir da takarda da malami mai duba aiki sun ishi mafari.

Wani zai ce malamin da ke da yara cike da aji ina zai sami lokacin bin kowa? Gaskiya ne, nauyin da yawa. Amma tun da kurakuran ba su wuce waɗannan ba, malam na iya zana su a allon bango, ya sa kowane yaro ya nemo nasa, sa'an nan ya rubuta masa abu ɗaya tak da zai gyara kafin mako mai zuwa. Masu ƙyamar zane saboda addini kuma su sani layi da tukunya da ɗaki ba masu rai ba ne.

Mazauna Kudu sun fi kowa ganin amfanin abin. A wurin gini a Ikko, birkila ko kafinta ko mai walda da ya iya karanta zanen injiniya shi ake ba kwangila, wanda bai iya ba kuwa ya ƙare a ɗaukar kwano.

Saboda haka duk uban da ya je gida Salla ko Kirsimeti, ya nemi littafin zanen ɗansa. In ya ga maki babu gyara, ya je wurin malam cikin ladabi ya roƙi a riƙa nuna wa yaron kuskurensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa a gyara.