Tasiri Sawu Ne



A darasin sarfu malam ya nuna mana cewa kalmar "tasiri" daga Larabci muka aro ta. Tushenta haruffa 3 ne: hamza, sa mai ɗigo uku, da ra. Daga nan "asar" ya fito, wato sawun da mutum ko raƙumi ya bari cikin rairayi. Shi ya sa ake kiran maganganun sahabbai asar, addu'ar da aka ruwaito kuma ma'asura.

To ni a ganina mun rage wa kalmar daraja. Yau in an ce wane mai tasiri ne, ana nufin mabiyansa sun yi yawa a TikTok. Ai wannan shahara ce kawai. Tasiri sai an ga sawu.

Kwanan baya na ji ƙanena ya yi wani zagi, sak irin nawa. Inna ta ce, "A ina yaron nan ya jiyo wannan?" Wallahi sai na sunkuyar da kai.

Mu 'yan ajin ƙarshe, yara na taka sawunmu ko mun sani ko ba mu sani ba. Allah ya sa mu bar musu na alheri.