RA'AYINMU: DAGA BOKITIN RUWA ZUWA ROKA

'Yan'uwa ɗalibai, a shekarar 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, watau NigeriaSat-1, daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Na sadarwa kuwa, NigComSat-1, daga ƙasar Sin ya tashi a 2007, haka ma wanda ya maye gurbinsa a 2011. Ko da yake an kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa tun 1999, har da cibiyar nazarin roka a Epe ta Jihar Legas, duk taurarin nan rokar wasu ce ta goya su. Mun kuwa sani zanen aro ba ya rufe katara.

Wanda bai sani ba zai zaci wuyar roka a ƙarfe take. Alhali kuwa wajen kashi 90 cikin 100 na nauyinta mai ne, kuma a manyan rokoki da yawa man nan ruwa-ruwa ne. Rokar Saturn V da ta kai Amurkawa duniyar wata a 1969, da kananzir ta tashi daga ƙasa, tare da iskar oksijin wadda aka sanyaya har ta zama ruwa. Saboda haka mai ƙera roka tilas ya naƙalci halin ruwa da iska: yadda mai ke gudu cikin bututu, yadda hucin wuta ke matsewa a maƙogwaron inji ya fita da gudun da ya fi na sauti, da yadda iska ke dannar jikin roka, musamman kimanin minti ɗaya bayan tashi, lokacin da dannar ta kai matuƙa.

Akwai kuma tangaɗin mai cikin tanki. A watan Maris na 2007 rokar Falcon 1 ta isa sararin samaniya, amma ta kasa kaiwa inda aka nufa, don oksijin ɗin da ke cikin tankinta na sama ya yi ta kai da komowa har ta rasa saiti. Maganin da aka yi shi ne kafa shingaye cikin tankin, su karya ƙarfin tangaɗin.

To, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Yarinyar da ta ɗebo ruwa a rafi a ƙauyen Sabuwa takan ɗora ganye bisa bakin bokiti don kada ya fantsale. Direban tanka da ke bi ta Sheme da 'Yankara, a ƙasar Faskari, ya san tanki rabi ya fi cikakke haɗari a kan kwana. Abin da ya raba su da injiniya shi ne lissafi da awo, waɗanda sai a makaranta ake samunsu.

Nan ne fa gizo ke saƙa. Daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka auka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora yara cikin daji, sai ranar 17 ga wata aka sako 344. Makarantar kimiyya ce fa, irin wadda injiniyoyi ke fitowa daga cikinta. Uban da ya ga haka ya cire ɗansa daga makarantar kwana, ba mu ga laifinsa ba, amma ƙasa ce ta yi hasara.

Don haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina ta tsare makarantun Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa tsaro na haƙiƙa, ta wadata ɗakunan gwaje-gwajensu da kayan aiki da ƙwararrun malaman lissafi da fiziks. Mu kuma 'yan ƙungiya, musamman masu karatun injiniya 'yan asalin wannan yanki, kada hutu ya ƙare mana a majalisar shayi. Gorar roba da ruwa da famfon keke sun isa a haɗa 'yar roka a filin makaranta, ƙannenmu su auna nisan tashinta, su tambayi dalili. Da yayyafi kogi kan cika.

Wassalam.