Gyatsar Saniya: Ƙarin Abincin da Ake Yayi a Waje da Ganyen da Ke Gida

Duk saniyar da ke tuƙa tana fitar da iskar da masana ke kira miten, akasari ta hanyar gyatsa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke samar da ita yayin narkar da ciyawa. A tsawon shekara 20, wannan iska ta fi hayaƙin kabon ɗumama duniya da kusan ninki 80. Abin da ya fi shafar makiyayi kai tsaye shi ne asara: kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincin da saniya ta ci yana tafiya ne a gyatsa, bai zama nama ko nono ba.

Shi ya sa ake rige-rigen haɗa ƙarin abinci daga tsirrai. A Ostireliya, hukumar bincike ta CSIRO ta yi fice da wata jar ciyawar teku mai suna Asparagopsis. A wani gwaji da Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta wallafa a 2021, ciyawar ta rage iskar da fiye da kashi 80 a shanun da ake turkewa. Kamfanin Mootral kuwa tafarnuwa da lemo ya haɗa, sai dai ragin nasa bai kai haka ba.

Amma akwai sharaɗi. Dole saniya ta ci a komi kullum, kuma bisa awo. Da an daina, iskar ta dawo. Yawancin shanun Najeriya kuwa a daji suke yini, da rani ma karan dawa da busasshiyar ciyawa suke samu, abincin da ke daɗewa a tumbi, ya ba da iska mai yawa da ƙiba kaɗan.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da alƙawarin Glasgow na 2021 na rage miten a duniya da kashi 30 nan da 2030, kuma a 2024 ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Bai kamata ma'aikatar ta fara da odar buhunan waje da dala ba. 'Ya'yan bagaruwa da majema ke jima da su na ɗauke da sinadarin tanin, wanda aka san yana danne halittun da ke haɗa iskar. 'Ya'yan gawo, da makiyaya suka daɗe suna kaɗo wa dabbobi da rani, na da gina jiki. Matsalar ita ce awo, domin tanin idan ya yi yawa saniya na rage cin abinci, narkewar ma ta lalace.

Wannan aikin cibiyar NAPRI ce da ke Shika. A ba ta kuɗi ta tantance adadin da ya dace da bunaji da bokolo, sannan a fara da masu kiwon turke da ke shirya bijimai don kasuwa, tunda su ne ke da komi, kuma su ne za su fara ganin bambanci a farashi.