Wasiƙa Zuwa ga Masu Gina Shafukan Intanet: Ku Zaɓa wa Sabon Shiga Abin da Zai Iya Riƙewa

Ya ku 'yan'uwana masu sana'ar gina shafukan intanet, da malaman da ke koyar da ita a cibiyoyin kwamfuta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami tambaya ce wadda babu ɗayanmu da ba a taɓa yi masa ba: "Malam, ni ban san komai a harkar nan ba, wace manhaja ce ta fi sauƙi in yi shafi da ita?" Mai tambayar yakan kasance tela, ko shugaban makarantar Islamiyya, ko mai sayar da turare, ko sakataren ƙungiyar manoma. Mu kuwa tun kafin ya rufe baki mun kira masa sunan manhajar da hannunmu ya saba da ita. A nan gizo ke saƙar. Abin da yake mana sauƙi bayan shekaru muna aikin, shi a wurinsa dutse ne. Shawarata gare ku ita ce ku riƙa auna sauƙin manhaja da hannun mai shafin. Manhaja mai sauƙi ita ce wadda zai iya gyara shafinsa da ita ba ku nan, ya iya biyan kuɗinta duk shekara, kuma ya iya kwashe kayansa daga cikinta ranar da ta daina yi masa.

Kafin a kai ga maganar manhaja, ku tambaye shi me yake so shafin ya yi masa. Sau da yawa za ku tarar bukatarsa ba ta wuce a ga kayansa, a san farashi, a kira shi ba. Irin wannan mutum, WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018 kuma aka sa mata wurin jera hotunan kaya da farashi a 2019, tana iya isarsa. Idan aka haɗa masa da rajistar kasuwancinsa a taswirar Google, wadda kyauta ce, mai nema zai ga inda shagon yake da lokacin buɗewa. Ku faɗa masa gaskiya ko da aikin zai kuɓuce muku a ranar. Wanda kuka hana ya zubar da kuɗinsa yau, shi zai neme ku gobe idan kasuwarsa ta buɗe, kuma ba shi kaɗai zai zo ba.

Idan kuma ta tabbata shafin yake bukata, to ku dubi girman aikin. Makaranta ko ƙungiya da ke son shafuka huɗu ko biyar, na tarihi da sanarwa da hotuna da lambar waya, Google Sites ya ishe ta. Kyauta ne, babu tallan kowa a kai, kuma duk wanda ya iya rubutu a kwamfuta zai iya shi cikin wuni guda. Marubuci ko malamin da zai riƙa sakin rubutu a kai a kai, Blogger na nan tun 1999, Google ta saye shi a 2003, kuma har yau ana iya ɗaura masa adireshin mutum na kansa ba tare da biyan kuɗin masauki ba. Wanda shafi ɗaya tak yake so, mai ɗauke da suna da sana'a da maɓallin tura saƙo, irin su Carrd don shi aka yi su. Sai Wix da Squarespace, inda ake jan hoto ko rubutu a ajiye shi inda ake so, a ga sakamako nan take. Suna da kyawun zane, amma da sharaɗi: tsarin kyauta na Wix yana liƙa tallansa da sunansa a jikin adireshin, Squarespace kuwa ba shi da tsarin kyauta sai gwajin kwana 14.

Na san da yawanku za ku ce ina na baro WordPress. Ban baro shi ba. Tun da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da shi a 2003 yake bunƙasa, har ya kai sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Amma WordPress iri biyu ne, kuma sabon shiga ba ya bambance su sai kun zaunar da shi. Akwai WordPress.com, inda kamfani ke riƙe masauki da tsaro, mutum ya yi rubutunsa kawai. Akwai kuma manhajar da ake saukewa daga WordPress.org a ɗora a masaukin da aka yi haya, wadda ita ce yawancinmu muke nufi. Wannan ta biyun tana ba da 'yanci sosai, sai dai kowane 'yanci da ɗawainiyarsa: sabunta manhaja, sabunta ƙananan manhajojin da ake ƙara mata, ajiye kwafin shafi, da tsare shi daga masu kutse. Idan mai shafin ba zai iya waɗannan ba, kuma bai shirya biyanku ku riƙa yi masa ba, kada ku ɗora masa ita. Shafin WordPress da aka yi shekara ba a sabunta shi ba ƙofa ce a buɗe. Wata rana iyayen yara za su shiga shafin makaranta su tarar da tallan caca.

Ga kuma wata ɗabi'a da ya kamata mu daina, wato sauke zane ko ƙaramar manhaja ta kuɗi daga wuraren da ke raba su kyauta bayan an fasa makullinsu. Haƙƙin wani ne, wannan ɗaya. Na biyu, sau da yawa waɗanda suka fasa sun cusa nasu mugun abu a ciki, kuma ba ta karɓar sabuntawa daga masu ita. Araha ba ta ado. Zanen kyauta na halal da ke rumbun WordPress ya fi dubu, a ciki ba za a rasa wanda zai yi wa tela ko makaranta ba.

Duk manhajar da kuka nufa da ita, ku fara gwada ta a waya. Mu a kwamfuta muke aiki, mai shafin kuwa da masu ziyartarsa kusan duk a waya suke, kuma Google ma yanzu fuskar shafi ta waya take dubawa wajen jera sakamakon bincike. Ku ɗauki ƙaramar waya irin wadda yaron shago ke riƙewa, ku kashe wayfay, ku buɗe shafin da data a inda sabis ba shi da ƙarfi. Hoto ɗaya da aka ɗauka da waya yakan kai megabait 3 zuwa 5. Idan aka zuba goma a shafin farko ba a rage musu nauyi ba, mai ziyara zai ƙona megabait 40 kafin ya ga farashin shadda, in ma ya tsaya jira. Ku koya wa mai shafin rage nauyin hoto kafin ya ɗora, ku kuma duba ko manhajar tana barin a yi gyara daga waya. Wasu, kamar Google Sites, a kwamfuta ake jin daɗin gyaransu. Idan mutumin ba shi da kwamfuta, wannan kaɗai ya isa ya sauya zaɓi.

Sai maganar kuɗi, wadda a nan aka fi yin kuka daga baya. Wix da Squarespace da Shopify da yawancin irinsu da kuɗin waje ake biyansu. Kun ga abin da ya faru a Najeriya: a 2022 bankuna da dama suka dakatar da biyan kuɗin ƙasashen waje da katin naira, sannan a watan Yunin 2023 aka saki darajar naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Kuɗin manhajar a dala bai motsa ba, amma a aljihun mai shafin ya ninka sau uku. Saboda haka kada ku tsaya ga farashin shekarar farko, wanda galibi na rangwame ne don a jawo mutum. Ku rubuta masa abin da zai biya a shekara ta biyu da ta uku, da kuɗin da za a biya da shi, da ranar biya. Inda ya yiwu, ku nema masa abin da ake biya da kuɗin gida. Adireshi mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana sayensa da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Idan kuma zai karɓi kuɗi ta shafin, ku tabbatar manhajar tana haɗuwa da hanyar biya da masu sayen kayansa ke amfani da ita, kamar Paystack ko Flutterwave, tun kafin a gina komai. Kwaɗon tsaro da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa kusa da adireshi ma ku lura da shi. Tun watan Yulin 2018 Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro, kuma Let's Encrypt na ba da shi kyauta, don haka babu dalilin cajin mutum kuɗi mai yawa a kansa.

Ga masu rubuta shafi da Hausa akwai ƙarin gwaji guda da ba za ku same shi a darussan ƙasashen waje ba. Ba kowane salon haruffa ke ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ ba, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Kafin ku amince da zane, ku rubuta jimla mai ɗauke da su, manya da ƙanana, a kanun labari da cikin rubutu. Idan kuka ga harafin ya fito a akwati, ko ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, salon ba shi da shi, aro aka yi daga wani. Noto na Google da Andika da Charis na SIL suna ɗauke da su. Manhajar da ba ta ba ku damar sauya salon haruffa zuwa mai ɗauke da su ba, ba ta dace da shafin Hausa ba komai kyanta.

Abu mafi nauyi shi ne hanyar fita. Manhajoji suna mutuwa, har da na manyan kamfanoni. Microsoft ta daina FrontPage a 2006. Yahoo ta rufe GeoCities a 2009 da miliyoyin shafuka a ciki. Adobe ta sanar da dakatar da Muse a 2018. A watan Maris na 2024 Google ta kashe ƙananan shafukan kyauta da take bai wa 'yan kasuwa ta hanyar rajistar kasuwancinsu. Duk wanda ya gina shafi a manhajar wani, ɗan haya ne a shagon kasuwa, ranar da mai shago ya ce a tashi sai a tashi, abin tambaya kawai shi ne ko za a bar shi ya fita da kayansa. Blogger da WordPress suna barin a fitar da rubuce-rubuce a kai wani wuri. Wix kuwa ba ya barin a ɗauke shafin dungurungum a mayar wani masauki, sai dai a sake gini. Wannan ba ya nufin kada a yi amfani da shi, amma haƙƙin mai shafin ne ya sani tun farko. Ku kuma sa shi ya ajiye asalin hotunansa da rubutunsa a wani wuri dabam. Idan adireshin nasa ne na kansa, ko an sauya manhaja masu nemansa za su same shi a inda suka saba.

Wannan ya kawo mu ga amana. Kun san yadda abin ke faruwa. Matashi ya gina wa hajiya shafin sayar da atamfa, ya yi rajistar adireshin da imel ɗinsa, kalmar sirri tana kansa. Bayan wata takwas ya tafi bautar ƙasa, layinsa ya daina shiga. Farashin kaya ya tashi, shafin na nuna na bara, masu saye suna kira suna cewa ai ga abin da aka rubuta. Saƙon tunatarwa na sabunta adireshi yana zuwa akwatin da ba mai buɗewa, wa'adi ya cika, shafin ya ɓace, alhali an buga adireshin a jikin leda da kati da allon shago. Matashin bai yi da mugun nufi ba, amma hajiya ce ta yi asara, kuma daga ranar duk mai sana'ar nan mayaudari ne a idonta. Maganin abu ne mai sauƙi. Adireshi da masauki da asusun manhaja, duk a buɗe su da sunan mai shafin da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Ku a ƙara ku a matsayin masu taimako, yadda zai iya cire ku duk ranar da ya ga dama. Riƙe kalmar sirrin mutum don ya ci gaba da dawowa wurinku ba dabarar kasuwa ba ce, cin amana ne.

Ranar miƙa aiki kada ku wadatu da nuna masa. Ku miƙa masa wayarsa, ku naɗe hannuwanku, ku ce ya sauya farashin kaya ɗaya, ya ɗora sabon hoto, ya gyara lambar waya, sannan ya fita ya sake shiga da kalmar sirrinsa. Zai yi jinkiri, zai danna inda bai kamata ba, hannunku zai yi ƙaiƙayin karɓar wayar. Ku daure. Idan ya yi su da kansa, zaɓinku ya yi daidai. Idan ya kasa bayan an maimaita masa, kada ku ce kansa ne ba ya ja, ku sake duba manhajar da kuka ba shi. Ku bar masa takarda ɗaya da harshen da yake karantawa, mai ɗauke da inda ake shiga, da abin da ake biya, da watan da ake biya.

Ku kuma malaman cibiyoyi, ku fara wa ɗalibai da abin da za su ga shafinsu ya hau intanet tun makon farko, sannan a bi da su sannu a hankali zuwa WordPress da rubuta HTML da CSS. Wanda ya ga aikin hannunsa a wayar abokinsa ba ya gudun darasi na gaba.

Ina roƙonku, duk wanda ya zo muku da wannan tambaya, ku saurari bukatarsa, ku dubi wayarsa da aljihunsa, ku faɗa masa kuɗin baɗi tun bana, ku kuma damƙa masa makullin shafinsa a hannunsa. Allah Ya sa albarka a sana'armu, Ya ba mu ikon riƙe amana.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.