Katin Zaɓe, Lambar NIN da Kujeru 225: Gardamar da Ta Kore Mana Waƙa a Zaure

Na san da yawanku kun leƙo ne ku ji ra'ayina kan waƙoƙin da suka fito a satin nan, to ku yi mini afuwa, yau siyasa ce ta ja ni, kuma wallahi ba ni na neme ta ba. Zaurenmu na WhatsApp na 'yan Gwandu da Kalgo, wanda muka buɗe don musayar waƙoƙi da musun wane jarumi ya fi wane, kwana uku ke nan ba wanda ya turo ko baiti ɗaya. Wani ne ya jefo tambaya da daddare: a bar mutum ya yi zaɓe da lambar NIN ko da takardar da ya ciro a intanet, ko kuwa dole sai da katin zaɓe na dindindin? Kafin azahar ɗin washegari an kai ga "kai ɗan koren wane ne", an tono zaɓen ƙananan hukumomin 2024, mutum biyu sun fice. Ɗaya ma abokina ne tun firamare.

Na zauna na karanta saƙonnin daga farko, sai na lura rigima biyu aka cakuɗa aka mayar ɗaya. Shi ya sa kowa ke ganin ɗan'uwansa bai da hankali.

Maganar katin ba a zaurenmu ta fara ba. A Disambar 2024 shugaban hukumar zaɓe ta INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya kawo shawarar cewa tunda na'urar BVAS ce ke tantance mai zaɓe, bai kamata katin ya zama shi kaɗai ne shaidar da za a karɓa ba. Mai kati ya ci gaba da amfani da abinsa, wanda bai da shi a ba shi 'yar takarda, ko ya sauko da ita daga shafin hukumar. Daga nan wasu suka ƙara da cewa ai har NIN da fasfo ma a karɓa. Dokar zaɓe ta 2022 kuwa, wadda Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun shekarar, kati ta ce a nuna.

Masu cewa a bar katin yadda yake suna da tarihi a bayansu, kuma tarihin na gida ne. Ɗan jiharmu, Farfesa Attahiru Jega, shi ya shigo da katin dindindin da na'urar karanta shi a zaɓen 2015. Kafin nan yayyenmu sun san yadda ake yi: mutum ɗaya ya dangwala sau goma ya koma ya sha fura. Na'urar ta ba da wahala, har shugaban ƙasa Jonathan sai da ta tsayar a rumfarsa ta Otuoke, amma ta rage ɓarna. Don haka duk wanda ya ji an ce "a sassauta kati" gabansa ya faɗi, ban ga laifinsa ba.

Sai dai abin da suka manta shi ne BVAS ba irin waccan na'urar ba ce. Ita rajistar rumfar gaba ɗaya tana cikinta. Za ta duba yatsanka, in ya ƙi, kamar na iyayenmu mata da aikin gona da surfe suka goge, ta duba fuskarka. Katin dai hanya ce ta lalubo sunanka. Kamar dai ka je kallon wasa a sinima, mai ƙofa yana da hotonka da sunanka a gabansa, ya gane ka sarai, amma ya ce tunda tikitin ya jiƙe a aljihu ka koma gida.

Ni abin da ya sa na karkata ga takardar, goggona ce. Tana wajen Dalijan. Ana saura 'yan makonni zaɓen 2023 wani mutum ya bi gidaje yana karɓar katunan mata, wai za a shigar da su tallafi. Da na je gaishe ta bayan zaɓe na tambaye ta wa ta zaɓa, sai ta ce, "Kai ɗan nan, mi kaka so in yi? Cewa anka yi a kawo kati za a ba mu tallahi. Sai da anka gama komi sannan anka maido muna." Ba tallafi, ba ƙuri'a. Ku lura, wanda ya karɓi katin ba zai iya zaɓe da shi ba, na'ura za ta ƙi fuskarsa. Ba don ya dangwala ya karɓa ba, don ya hana ta dangwalawa ne, saboda ya san inda matan unguwar suka karkata. Muddin kati shi ne ƙofa ɗaya tilo, to saye shi ko yaudarar mai shi sana'a ce mai riba. Ranar da goggo za ta iya zuwa rumfa da fuskarta da 'yar takarda, wannan kasuwa ta ci ta watse. Ku ƙara da wannan: a 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, kuma katunan sama da miliyan 6 ba a zo an karɓa ba.

NIN kuma wata magana ce daban, kuma a nan na rabu da abokaina masu goyon bayanta. Lambar NIN ba ta nuna ka isa zaɓe. Ana ba yara, ana kuma ba baƙon da ke zaune a ƙasa bisa ƙa'ida. Jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin, ga Kamba ga Dole Kaina inda dangi ke tsallake iyaka kamar ƙofar gida, ranar da aka ce NIN kaɗai ta wadatar, duk wanda ya faɗi zaɓe ya samu abin faɗa har abada. In za a haɗa NIN da rajista don a tsince matattu da masu suna biyu da ƙananan yara, madalla. Amma ta maye gurbin rajistar, a'a.

To yanzu rigima ta biyu, wadda ita ce ta fi zafi.

Ku tuna yadda mutanen yankinmu suka yi a 2023. A Fabrairu Atiku Abubakar na PDP ya ci Kebbi a zaɓen shugaban ƙasa. A Kebbi ta Tsakiya, inda Gwandu da Kalgo suke, Adamu Aliero a PDP ya kayar da gwamna mai ci, Atiku Bagudu, a kujerar sanata. Gwamna sukutum! Makonni uku bayan nan, ranar 18 ga Maris, aka zo na gwamna: Nasir Idris Kauran Gwandu na APC ya samu 388,258, Janar Aminu Bande na PDP ya samu 342,980. Tazarar 45,278 ce, masu zaɓe a rumfunan da aka soke kuwa sun kai 91,829, sai aka ce inkonkulusib. Aka koma ranar 15 ga Afrilu, Kaura ya ƙare da 409,225, Bande da 360,940. An je har Kotun Ƙoli, ta tabbatar wa Kaura a Janairun 2024. Ko mai rubuta Kwana Casa'in ba zai ja labari haka ba. Abin da nake so ku gani shi ne mutanenmu sun iya raba ƙafa: su ba wannan jam'iyya yau, su ba waccan gobe, kuma sakamakon ya nuna hakan.

Ranar 31 ga Agustan 2024 aka yi na ƙananan hukumomi. APC ta kwashe ciyamomi 21 cikin 21, da kansiloli 225 cikin 225. Ko mazaɓa ɗaya, daga Kambaza zuwa Diggi, ba a samu inda aka ce "mu dai wancan yaron muke so" ba. Jam'iyyar da ta samu ƙuri'a dubu 360 da ɗoriya wata 16 da suka wuce, ko kansila babu.

'Yan APC na zaurenmu sun ce aikin gwamna ne ya jawo, kuma adawa ce ta kwanta barci. Akwai ƙamshin gaskiya a batun raunin adawa, tunda shi kansa Aliero da sauran sanatocin jihar biyu sun koma APC a Mayun 2025. 'Yan PDP kuma sun ce APC ce ba ta da tsoron Allah. Su ma sai na ce su leƙa Kano: a Oktoban 2024 NNPP ta share ƙananan hukumomi 44 cif. A Sakkwato APC ta share 23. A jihohin da PDP ke mulki ma haka ake yi. Kusan duk inda ka duba, jam'iyyar gwamna ce ke cinye tukunya har ƙanzo. In kowane fim da aka fitar a shekara jarumi ɗaya ne ke lashe duk kyaututtukansa, har da na waƙa da na ɗaukar hoto, ai ba 'yan kallo za ka tuhuma ba, tambaya za ka yi wa ya naɗa alƙalan.

Amsar tana cikin kundin tsarin mulki. Ba INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, a nan KESIEC. Gwamna ke naɗa shugabanta da mambobinta, majalisar jiha ta amince, kuɗinta daga gwamnatin jiha suke fitowa. Rajistar INEC take ara. Ban ce na ga an yi maguɗi a rumfarmu ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na ce shi ne, a wannan zaɓen ko da kati aka zo, ko da takarda, ko da NIN, ko da fasfo mai hatimin zinare, tambayar ba ta bakin ƙofa ba ce. Tambayar ita ce wa ya ƙirga, wa ya rubuta, kuma ina ɗan unguwa zai je ya ga sakamakon rumfarsa. A zaɓen 2023, duk da ƙorafin da aka yi kan na shugaban ƙasa, an samu shafin IReV inda ake ɗora hoton takardar sakamako. Kaduna ta taɓa gwada na'urar zaɓe a ƙananan hukumominta a 2018 da 2021, kuma adawa ta ci wasu kujeru. Ashe dai ana iyawa.

Me ya sa abin ya dame ni har na ajiye waƙa? Saboda a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai suka halatta, ba kantomomi ba. Aiwatar da hukuncin yana ta tafiyar hawainiya, amma ma'anarsa kujerar ciyaman ta ƙara nauyi. Rufin ajin firamare, magani a ƙaramin asibiti, gyaran famfon unguwa, rumfunan kasuwa, duk a wuyanta suke. Sanata sai ka shekara ba ka gan shi ba, kansila kuwa tare kuke sallar Juma'a. Kuma wannan kujera da ta fi kusa da mu ita ce ƙuri'armu ta fi rashin ƙarfi a kanta. Ministan shari'a Lateef Fagbemi da kansa ya ce a 2024 a soke hukumomin zaɓen jihohi a miƙa aikin ga INEC. Hakan na bukatar gyaran tsarin mulki, wato sai majalisun jihohi 24 sun yarda, majalisun da kowa ya san wa suke saurare. Kun ga inda gizo ke saƙar.

Mu kuma matasa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Rarara ko wani mawaƙin ya saki waƙar siyasa, cikin dare ɗaya mun haddace, mun yi bidiyo a TikTok, mun zagi juna a ƙarƙashinsa. Kebbi na da masu rajista sama da miliyan 2, amma manyan 'yan takarar gwamna biyu a haɗe ba su kai dubu 800 ba. Na tambaya a zauren, cikin masu zafin bakin nan wa ya san sunan kansilan mazaɓarsa? Mutum huɗu suka amsa, ɗaya ma sunan tsohon ya faɗa.

INEC ta sake buɗe rajista a Agustan 2025 saboda zaɓen 2027, har da sauya kati ga wanda nasa ya ɓata ko ya lalace. Ƙanwata ta cika 18, ranar Litinin zan raka ta ofishinsu. Katin goggo kuma yanzu yana ƙasan adakarta, ta ce ko Sarki ya aiko sai ya zo da kansa. Abokina da ya fice daga zaure na kira shi jiya, ya ce zai dawo amma da sharaɗin a cire wanda ya kira shi ɗan kore. Mai kula da zauren ya ƙi. Ana nan ana sulhu.