Saniya Na Da Takarda, Tsiro Ma Ya Nuna Tasa

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, muna jin koke-koken masu lambun furanni da masu sayar da dashen itatuwa a Paraku da Kwatano, wai hukuma ta takura musu, ba a barin su shigo da iri ko dashe daga waje sai da izini da takardar shaidar lafiyar tsiro. Wai wannan zalunci ne ga mai neman abincinsa. Dokar da suke kuka da ita ba sabuwa ba ce, ita ce mai lamba 91-004 ta ranar 11 ga Fabrairun 1991. To mu dai a wannan magana muna bayan doka, ko da yake ba mu saba zama gefe ɗaya da hukuma ba.

Mu da muke kora shanu mun san takarda. Akwai ta allurar rigakafi, akwai ta ƙetare iyaka da CEDEAO ta tsayar a 1998, wadda ake rubuta yawan garke da hanyar da zai bi. Bafatake ba ya loda shanu a kasuwar Kolokonde ko ta Turu ya kama hanyar Kwatano sai likitan dabbobi ya sa hannu, ban da abin da 'yan sanda da 'yan duwan za su tambaya a hanya. A ƙarshen 2019 ma gwamnati ta hana garkunan maƙwabta shigowa. Duk wannan an ce don kada dabba ta kawo cuta ko rikici. To tsiron da ya fito daga wata nahiya, wa ya ce ba ya kawo cuta?

Ku dubi ciyawar nan mai doyi da ta rufe daji daga Sabe zuwa Caworu da Basila, inda muke gangarawa da rani. 'Yan Nijeriya na kiranta Awolowo, a Gana Acampon, a Kwaddibuwa Seku Ture, kowa ya laƙa mata sunan wani shugaba. Asalinta daga Amurka ne. Don ado aka kai ta lambun Turawa a Kalkata ta ƙasar Indiya tun ƙarni na 19, daga can ta bazu. A 1937 ta iso Inugu a cakuɗe da irin itacen malaina da ma'aikatan gandun daji suka kawo daga Silon. Yau inda ta kafu gamba ba ta tashi, kyasuwa ba ta tashi. Saniya ba ta cinta, wadda yunwa ta sa ta ci ɗanyen ganyen kuwa tana iya kumbura ta faɗi. Da rani ta bushe ta zama makamashi, in wuta ta kama a ce Bafulatani ne ya sa.

Haka daddoyar daji, ita ma baƙuwa ce daga Amurka, ta cinye burtali da bakin mashaya daga Jugu har gefen kogin Okpara. Haka lantana da ake shinge da ita a gidajen manya saboda furenta, alhali ganyenta na lalata hantar shanu, fata ta riƙa saɓulewa a rana. Masunta na kudu kuwa sun ga nasu rabon: kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ita ma don ado aka yaɗa ta a duniya, ta toshe tafkin Nokuwe da kogin Weme har mutanen wurin suka sa mata suna togble, wato ƙasa ta lalace. Sai da masana na IITA suka fara sakin wasu ƙwari masu cinta a 1991 kafin a ɗan samu sauƙi.

Ba mu ce hannunmu ba laifi ba. Irin daddoya na maƙalewa a gashin shanu da kofato, kuma inda garke ya cinye ciyawa ƙarƙaf nan take fara kamawa. Amma me ya tara shanu dubu a fili ɗaya? Gonakin auduga da na kaju ne suka haɗiye makiyaya, aka matse mu a ɗan abin da ya rage.

Inda muke da ja da hukuma shi ne, dokar ta fi kaifi a kan mai ɗan lambu da ya sayo tukunya biyu a Lome. Su kuwa masu manyan ayyukan dashen itatuwa da ke zuwa da mota da kuɗin Turawa, wa ke buɗe buhunsu? Ai ta irin wannan buhu Awolowo ta shigo Inugu. Muna so a binciki kowa a tashar jirgin ruwan Kwatano, da Malambil, da iyakar Wake, babba da ƙarami. Muna so kafin a yarda da sabon tsiro a tambayi likitan dabbobi ko saniya za ta ci shi ta kwana lafiya. Kuma kuɗin da ake karɓa a kan kowace saniya a kara, a ware wani abu a ciki don tuge waɗannan ciyayi a burtali kafin su yi fure.

Duk wanda ya ga baƙon tsiro yana yaɗuwa a wurin kiwonsa, ya tsinko reshe da ganye ya kawo wa wakilin ƙungiya ranar kasuwa, ya faɗi sunan wurin. Za mu tara su mu kai ofishin noma na Paraku da na Jugu da hannunmu.